Igiyar janareto, kujerar masallaci da motsa jikin Pilates

Igiyar janareto ce ta fito da ciwon bayana fili, ko da yake daga baya na gane cewa ba ita ta haife shi ba. Wani dare ne cikin damina, a gidan da muke haya a Agege, aka ɗauke wuta bayan sallar isha'i, zafi da sauro suka hana yara barci. Na zagaya bayan ɗaki da tocila a hannu, na sunkuya na fizgi igiyar sau biyu, injin ya yi tari ya mutu. A fizga ta uku sai na ji kamar an soka mini basilla mai zafi a ƙasan ƙugu ta ɓangaren dama, na kasa miƙewa, na kuma kasa ƙarasa durƙusawa. Haka na tsaya dafe da bango, har uwargida ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo ta ce, “Malam, lafiya kuwa?” Na ce mata lafiya lau, alhali da rarrafe na koma ɗaki a daren nan, janareton ma yaron maƙwabta ne ya zo ya tayar mana da shi.

Aikin akawu nake yi a wani kamfanin shigo da kaya da ke cikin tsibirin Legas, kuma duk wanda ya san garin nan ya san abin da kwana a Agege da aiki a tsibiri yake nufi. Ana idar da sallar asuba nake kama hanya, in shiga danfo zuwa Oshodi, in sake wata motar da za ta hau gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, amma ranar da gosulo ya riƙe sai mutum ya ɗauka ba ta da ƙarshe. Kujerun danfo kuwa ba don dogon mutum aka yi su ba, domin gwiwarka tana tokare da bencin gabanka, kafaɗarka a matse, jakarka a cinya, kowane rami direba ya faɗa sai ka ji shi har tsakar ka. Idan na isa ofis in zauna gaban kwamfuta har la'asar sakaliya, sannan in maimaita tafiyar safe wajen dawowa. Da na zauna na yi lissafi, tunda lissafin ne sana'ata, sai na ga ina shafe awa 12 ko fiye a zaune kowace ranar aiki, shekara da shekaru, babu wani motsi da ya wuce ruku'u da sujada da tsallaken kwalbati.

A zangonmu ba a rasa mai magani. Kafin azahar ɗin washegari an riga an ba ni sunan cutar da ke damuna har kala uku. Wani ya ce basir ne ya hau baya, ya aiko mini da sassaƙe a gora. Wani ya ce sanyin Kurmi ne, wanda yake shiga ƙashin duk ɗan Arewan da ya daɗe kusa da teku. Wani abokin aikina Bayarabe kuma ya yi mini tallar jiƙon da suke kira opa eyin, wanda mata ke sayarwa a bakin tasha, sai dai da na ji cewa da yawansa a barasa ake jiƙa shi, tun a nan muka raba hanya. Wanzami ya zo ya kafa mini ƙaho, na ji sakayau na kwana biyu, ciwon ya dawo inda yake. Abin da na fi jingina da shi shi ne ƙullin ƙwayoyin kemis, wanda akasarinsa diclofenac ne da danginsa, ina sha safe da dare, wani lokaci ma ban karya ba, har ƙirjina ya fara zafi. Daga baya likita ya shaida mini cewa irin waɗannan magunguna, idan aka daɗe ana shan su, suna iya jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda. Ni na tsira da ƙwannafi kawai, amma na san matasa cikin 'yan dakonmu waɗanda ciwon baya na gaskiya ne ya kai su ga tramadol, ba neman maye ba, suka wayi gari ba su iya fita aiki sai sun haɗiye shi.

Wurin da ciwon ya fi ci mini rai shi ne masallaci. Ruku'u ya gagare ni, tasowa daga sujada kuwa sai na dafa gwiwa ina cije leɓe, har dai na haƙura na sayi farar kujerar roba na ajiye a ƙarshen sahu, inda dattawa ke zama. Na san addini ya yi rangwame, kuma malaminmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dama, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Amma sanin hukunci daban, abin da zuciya ke ji daban. Ranar farko da na ja kujerata kusa da ta wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya girme ni da kusan shekara 30, sai ya dube ni ya ce, “Yaro, har ka iso mu tun yanzu?” Na ce, “Baba, sai haƙuri.” Maganar nan ita ta kai ni asibiti, abin da roƙon uwargida na wata biyu bai yi ba.

Likitan da ya duba ni bai fara da hoto ba, da tambayoyi ya fara, kuma tambayoyin nan sun cancanci kowane mai ciwon baya ya haddace su. Ya tambaye ni ko fitsari ko bayan gida yana ƙwace mini, ko kuma fitsarin yana ƙin fita. Ko ina jin tsakanin cinyoyina da mazaunaina sun mutu kamar an yi musu allurar kashe zafi. Ko ƙafa tana raunana har ina jan ta. Ko ina zazzaɓi da gumin dare da rama ba dalili. Ko na taɓa yin tarin fuka, tunda ƙwayar cutarsa tana iya cin ƙashin baya. Ko kuma na faɗi ko mota ta buge ni. Ya ce duk wanda ya amsa da e a ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti ne wurinsa da gaggawa, ba tabarmar motsa jiki ba. Ni duka na amsa da a'a. Hoton MRI da aka yi mini daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin 'yan matasan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, waɗanda ake kira faifai, ya ɗan bultso, kuma da na karanta rahoton sai da gabana ya faɗi. Likitan ya yi murmushi ya ce in da za a tare mutanen da ke kan gadar Oshodi a ɗauki hotonsu, da an sami irinsa a bayan masu yawa da ba su taɓa jin ciwo ba. Na bincika na tarar da gaskiyarsa: wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya sami irin wannan bultsowa a kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 84 cikin 100 na 'yan shekara 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a iya ɗora shi a kan wata takamaimiyar cuta ko rauni guda. Sai likitan ya tura ni sashen gashi, wato gashin ƙashi da ake kira physiotherapy.

Abin da na sani game da gashi shi ne fitila mai zafi da tausa da na'urar nan mai tsikarar fata, kuma matashin jami'in da aka haɗa ni da shi ya yi mini su a makon farko. A mako na biyu sai ya shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba a ƙasa ya ce, “Alhaji, yau kai za ka yi aikin, ni kallo zan yi.” Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a Legas duk Bahaushe mai hula Alhaji ne, na daina gyara wa mutane tun tuni. Da ya ce tsarin da za mu bi ana kiransa Pilates, sai na ji raina ya ɗan sosu, domin abin da na sani da wannan suna shi ne hotunan matan Lekki da Ikoyi a Instagram, cikin matsattsun kaya, suna lanƙwasa jiki a kan wasu gadaje masu igiyoyi. Na ce masa ni magidanci ne mai 'ya'ya, ba wasan 'yan mata na zo yi ba. Bai yi gardama da ni ba, ya dai ce in je in nemi tarihin mai sunan, in dawo mu yi magana.

Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883 a garin Mönchengladbach, kuma namiji ne ɗan dambe, ba malamin rawa ba. Ya koma Ingila a 1912, da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 sai hukumomin Birtaniya suka tsare shi tare da sauran Jamusawa, har aka kai shi sansanin Knockaloe a tsibirin Man. A can, cikin maza tsararru da ba su da fili ba su da kayan aiki, ya ci gaba da tsara motsin da mutum zai iya yi a ƙasa da nauyin jikinsa kaɗai. Wajen 1926 ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe ɗakin horo a birnin New York, inda 'yan rawar da suka ji rauni suka riƙa zuwa neman gyara, kuma ta nan ne abin ya sami kamannin da ake ganinsa da su yau. Shi kansa Contrology yake kiran tsarin nasa, wato ilimin sarrafa jiki, kuma a littafin da ya fitar a 1945 ya jera motsi 34 waɗanda duka a kan tabarma ake yin su. Ya rasu a 1967 yana da shekara 83. Abin da ya kama hankalina a tarihin shi ne sansanin nan, domin tsarin da aka rena a wurin da ba fili ba kaya, ai ya dace da mai ɗaki biyu a Agege fiye da kowa.

Zaman farko bai yi kama da motsa jiki ba ko kaɗan. Jami'in gashin ya sa na kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa, ya ce in dafa haƙarƙarina da hannu biyu, in shaƙi iska ta hanci har in ji haƙarƙarin yana buɗewa gefe da gefe, sannan in fitar ta baki a hankali. Yayin fitarwar ya ce in ja ƙasan cibiya ciki kaɗan. Ni kuwa sai na tsuke ciki gaba ɗaya, na ɗauke numfashi, wuyana ya sanƙare. Ya ce, “Alhaji, ba bakin buhu za ka ɗaure ba, tazuge za ka ja, daidai yadda wando ba zai faɗi ba kuma za ka iya cin tuwo.” Wannan misalin ne ya buɗe mini abin. Ya bayyana mini cewa a can ƙarƙashin tsokar ciki da ake gani akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta kewaye ciki kamar ɗamara, akwai ƙananan tsokoki da ke bin gadon baya suna riƙe kowane ƙashi da maƙwabcinsa, daga sama akwai tantanin numfashi da ke ƙarƙashin huhu, daga ƙasa kuma akwai tsokar ƙasan mara mai riƙe fitsari. Waɗannan huɗu tare suke aiki su tallafi ƙugu kafin hannu ko ƙafa su motsa. Masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, sun nuna a 1996 cewa a jikin masu ciwon baya ɗamarar nan tana makara wajen kamawa idan mutum ya ɗaga hannu da sauri. Da na ji haka sai igiyar janareton ta faɗo mini a rai.

Daga numfashi muka wuce zuwa zame dunduniya ɗaya a ƙasa har ƙafa ta miƙe sannan a dawo da ita, ba tare da ƙugu ya karkata ba. Abu ne da yaron goye zai yi, amma a karo na shida cinyata ta fara rawa, gumi ya tsattsafo mini a goshi, na ji kunya ta kama ni. Sai motsin da suke kira gada, wanda har yau shi na fi so. Kana kwance a yadda ka fara, sai ka matse mazaunai ka fara ɗaga su, sannan ka riƙa ɓanɓaro bayanka daga tabarma kaɗan-kaɗan har nauyinka ya koma kan kafaɗu, ka dakata, ka sauko ta hanyar da ka hau. Ya ce kada in ɗaga bayan kamar faifan katako, in ɗaga shi ƙashi bayan ƙashi. Ƙasusuwan gadon baya 33 ne, 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 na ƙasa kuma akasarinsu sun manne da juna, adadin ya zo daidai da 'ya'yan ƙaramin carbi, don haka sai na riƙa ɗaukar abin kamar jan carbi, ɗaya na bin ɗaya ba tsallake. A makonnin farko tsakiyar ƙuguna a dunƙule take tashi, kamar 'ya'yan carbin da suka manne, kuma ranar da na fara jin sun rabu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, na daɗe kwance ina mamakin cewa shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da bayan nan ban taɓa sanin yana iya haka ba. Bayan su aka ƙara mini durƙuson rarrafe ana gantsarewa ana ƙudundunewa kamar kyanwa mai miƙa, da miƙa hannun dama da ƙafar hagu a lokaci guda daga wannan durƙuson, da kwanciya a gefe ana buɗe gwiwa don ƙarfafa tsokar kwankwaso.

A gida, bayan isha'i nake yi, minti 20 zuwa 25, sau huɗu a mako. Na so in riƙa yi da asuba, amma jami'in gashin ya ce faifan baya suna shan ruwa su ɗan kumbura cikin dare, shi ya sa baya ya fi ƙagewa da sassafe, gara mai irin ciwona ya bar lanƙwasa sai jiki ya warware. Ban sayi komai ba. Tabarmar leda na ninka biyu na ɗora tsohon bargo, ina sanye da wandon kaftani da singileti. Daren farko yara suka kewaye ni suna ƙyalƙyala dariya, ƙaramar ta haye cikina ta ce doki ta samu. Uwargida ba ta yi dariya ba, amma ta ce, “Malam, wannan kwanciyar ce maganin da aka biya kuɗin mota aka je karɓowa?” Ban sami amsar da zan ba ta ba a lokacin, domin makonni uku na farko ban ga wani canjin kirki ba.

A mako na biyar, da na fara jin dama, sai gaggawa ta ci ni. Na buɗe YouTube na sami wata mata tana koyar da motsin da ake kira ɗari, inda ake ɗaga kai da ƙafafu biyu a miƙe ana kaɗa hannuwa sau 100, da wani wanda ake tasowa daga kwance zuwa zaune a kamo yatsun ƙafa. Na bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe. Washegari ko takalmi ban iya sunkuyawa na sa ba, na yi mako guda ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ka. Jami'in gashin bai yi mini faɗa ba, ya ce motsin ba su da laifi, ni ne ban kai wurin ba, kuma da yawan motsin asali na Joseph Pilates suna lanƙwasa baya gaba da nauyi, abin da mai ciwon faifai bai kamata ya fara da shi ba. Ya ba ni ma'aunin da nake amfani da shi har yau: ɗan jin jiki lokacin motsi ba komai ba ne, muddin ya lafa kafin washegari, amma zafin da ke harbawa ya gangara cinya zuwa ƙafa, ko wanda ya kwana ya ƙaru, alama ce ta a koma baya mataki ɗaya.

Ba na son in sayar wa kowa abin da ya fi ƙarfin hujja, domin na gaji da masu maganin da ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 10 da suka ƙunshi mutum 510 a 2015, ta ga cewa Pilates ya fi zama haka nan wajen rage ciwon baya da ƙara iya hidimar yau da kullum, amma ba ta sami tabbacin cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Ma'ana, wanda ke tafiyar ƙafa mai kyau kullum, ko iyo, ko wani atisayen da jami'in gashi ya tsara masa, ba lalle ne ya rasa wani abu ba. Har batun ɗamarar cikin nan ma, masana da yawa yanzu suna ganin ba ita kaɗai ce sirrin ba, wani babban kaso na amfanin yana zuwa ne daga mutum ya daina tsoron motsa bayansa. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin kafin in fara, ko biro ne ya faɗi a ofis sai in tsaya ina shawara da zuciyata. Dalilin da ya sa Pilates ya zauna mini shi ne yanayin garin nan. Wanda ya fita da duhu ya dawo da duhu, a unguwar da gefen titi na 'yan kasuwa ne da kwata, yaushe zai yi tattaki, a ina kuma zai yi iyo? Tabarma kuwa tana nan bayan ƙofa, ko da wuta ko babu, ko ana ruwa ko an ɗauke.

Sau ɗaya na je irin ɗakunan horon nan na Lekki, wani abokin aiki ya ja ni, na hau gadon da suke kira reformer, mai zamewa a kan dogo, wanda sifirin ke ja ana ƙara masa ƙarfi ana ragewa. Na'ura ce mai kyau, tana tallafar jiki ta yadda mai rauni zai iya motsin da ba zai iya a ƙasa ba. Amma kuɗin zama ɗaya ya isa cefanen kwanaki a gidana, ajin kuma maza da mata ne a haɗe, abin da ni da iyalina ba za mu sake da shi ba. Akwai kuma abin lura: tun 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa sunan Pilates ba mallakar kowa ba ne, saboda haka kowa yana iya kafa allo ya ce yana koyarwa, ko ya yi shekaru yana karatu ko ya yi kwas na 'yan kwanaki. Mai lafiya da ke neman ƙarfin jiki yana iya shiga kowane aji, amma mai ciwo gara ya fara ta hannun jami'in gashi mai lasisi. A Legas ba su da wuyar samu, akwai su a Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, da asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na jiha a Ikeja, kuma mace tana iya neman a haɗa ta da mace.

Batun gaɓoɓi kuwa a jikin mahaifiyata na gan shi. Hajiya ta zo mana jinyar gwiwa, likita ya ce guringuntsin ne ya zaizaye saboda shekaru, abin da mu muke kira sanyin ƙashi, kuma ita ta riga ta yanke cewa maganinsa shi ne zama wuri ɗaya da shafa man zafi. Abin da ba ta sani ba, ni ma sai a wannan jinyar na sani, shi ne guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke matsa ruwan ya shiga ya fita kamar soso. Gaɓar da aka daina motsawa tana ƙara sanƙarewa, tsokar cinya da ke ɗauke mata nauyi kuma tana ƙara shanyewa. Da aka tsara mata nata atisayen, na miƙe gwiwa daga zaune a riƙe a sauke a hankali, da tashi daga kujera a koma ba tare da faɗawa ba, da ɗaga ƙafa daga kwanciyar gefe, duk tare da numfashin nan, sai ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, da tsufana za ka sa ni wasan yara?” Jikokinta ne suka shawo kanta, suna ƙirga mata da ƙarfi. Gwiwar ba ta koma ta budurwa ba, amma kafin ta koma gida tana tashi daga bakin gado ba tare da an kama ta ba. An gargaɗe mu kada ta yi motsin lanƙwasa baya gaba ko murɗa shi da ƙarfi, saboda ƙashin tsofaffin mata yakan yi laushi har ya iya tsagewa. Irin wannan taka-tsantsan ya shafi mai juna biyu, wadda ba a so ta daɗe kwance rigingine idan ciki ya tsufa, ya kuma shafi mai sikila da ke jin ciwon kwankwaso, domin nasa yana iya zama kan ƙashin cinya ne jini ya daina isa gare shi, wanda hoto da likita ne za su tantance. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ta yi ja ma ba ta motsa jiki ba ce sai an duba ta.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan zaman farko na koma cikin sahu. Sallar magariba ce, na tsaya a sahu na biyu gabana yana faɗuwa, da liman ya yi kabbarar ruku'u sai na sami kaina ina fitar da numfashi, ina jan tazugen nan, ina lanƙwasawa daga kwankwaso maimakon tsakiyar baya, ba tare da na yi niyyar hakan ba. Na taso lafiya. Bayan sallama dattijon nan mai goro ya miƙo mini hannu daga kujerarsa ya ce, “Yaro, ka gudu ka bar mu ke nan?” Na ce, “Baba, ai na bar muku kujerar.” Tana nan har yanzu a ƙarshen sahu, wani tsoho mai gadi ne ke zama a kanta.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Idan na yi tafiyar dare a mota zuwa Arewa lokacin salla, ko aikin ƙarshen wata ya sa na yi mako biyu ban shimfiɗa tabarma ba, ƙugun yakan tuna mini da kansa, sai in koma kan numfashi da zame dunduniya da gada na 'yan kwanaki kafin in ƙara wani abu. A ofis na sa wayata tana ƙara duk bayan minti 40, in tashi in je in cika buta ko in miƙa takarda da ƙafata maimakon in aiki masinja. Motsin ɗarin da ya kayar da ni yanzu ina yin sa, amma gwiwoyi a tanƙware, kuma a 60 nake tsayawa. Shekaranjiya ma an ɗauke wuta wajen ƙarfe goma, na zagaya bayan ɗaki, na sa gwiwa ɗaya a ƙasa, na dafe injin da hannun hagu, na fitar da numfashi sannan na ja igiyar, ya tashi a ja na biyu.